Kafin Ƙasa Ta Kulle Ƙofa

Na tambayi Endel ta saman shinge,
yana tsintar tuffan da iska ta kaɗo:
yaushe ake dasa furen nan mai rai bakwai,
wanda sanyi ke kwantarwa, baɗi ya miƙe?

Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "Sa hannunki a ƙasa."
Na durƙusa, na tura yatsu har wuyan hannu.
Iskar Satumba na cizon kunne,
amma can ciki akwai ɗumi,
kamar burodin da aka sauke tun hantsi
har la'asar cikinsa bai huce ba.

"To, kin ji," in ji shi.
"Sama ta yi sanyi, ganye ba zai yi rawar kai ba.
Ƙasa na da ɗumi, saiwa za ta yi tafiyarta.
Ki ba ta mako shida kafin ƙanƙara ta kulle ƙofa.
Shamuwa ta tafi tuni, gauraki na ɗaure kaya.
In kukansu na ƙarshe ya wuce ta kan Emajõgi
ba ki gama ba,
ki wanke shebur, ki rataye."

Yayata Piret kuwa, daga Tartu, a waya:
"Kada ki biye wa tsohon nan.
Lambunki yumɓu ne zalla.
Ruwa zai kwanta, saiwa ta ruɓe,
sanyi ya tunkuɗo ta sama kamar haƙori mai girgiɗi.
Bari sai Mayu. Sauri kan haifi nawa."

Kwana uku ina aunawa,
na ja igiya daga rijiya zuwa ɗakin itace,
na kwance, na sake ja.
Kowa da gaskiyarsa, ni da ciwon kai.

Sai ga saƙo daga Elva:
wanda ya sayi gidan mahaifiyarmu
zai karɓi makulli ran ashirin ga wata.
Zai zuba siminti, wai wurin ajiye mota,
daidai ƙarƙashin tagar kicin,
inda fiyoninta ke buɗewa duk watan Yuni
tun ban san hagu da dama ba.

Ban ƙara tambayar kowa ba.

Na tono su da yamma, ana yayyafi.
Saiwoyi kamar hannun tsohuwa,
masu gaɓa, masu taurin kai,
da 'yan idanu jajaye a runtse.
Ɗaya ta karye a hannuna, ƙas,
na tsaya ina ba ta haƙuri da ƙarfi
kamar akwai mai ji.
Na naɗe su a jiƙaƙƙen buhu,
suka zauna a kujerar gaba har gida.

Don Piret na zuba yashi amalanke huɗu,
da ruɓaɓɓen ganye, na ɗaga kunyar sama.
Labanda mai raki na bar mata sai Mayu,
ta ci wannan.
Don Endel na gama kafin gauraki.
Zurfin ramin kuwa na mahaifiya ne:
"Yatsa biyu kan ido, Maarika, kada ki ƙara.
In kin binne shi da yawa,
ganye za ki ci."

Yanzu Nuwamba ta raba.
Na lulluɓe kunyar da rassan fir bayan ƙasa ta daskare,
dusar ƙanƙara ta zo ta ƙara nata mayafi.
Ba abin gani sai 'yan sanduna
da sunayen da na rubuta da fensir.
Mai kawo wasiƙa ya ɗauka kabarin kare ne.

Jiya Endel ya leƙo, hancinsa ja wur.
Ya ce kada in sa rai baɗi.
Fiyoni in an raba shi da gida yakan yi fushi,
shekara biyu, wani sa'in uku,
bai ce wa kowa uffan ba.

Na ce na sani.
Ni ma watana bakwai ke nan a gidan nan,
akwatuna biyar ban buɗe ba.